Hoton Kentaki da Kaskon Kawu Sabiru

Kentaki, Amurka
4 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Baban Nana da ita Nana sarkin surutu. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya ɗalibanki? Ni nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa da ƙarfinsa.

Yaya, abin da ke damuna ya fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki doguwar wasiƙa ta imel. Tun makon jiya nake kiran Baba ba ya ɗauka. Na kira Inna ta ce yana masallaci, alhali ina jin tarinsa a bayanta. Rufaida ma, wadda zan aura, da ake shirin kai lefenta bayan Sallah, duk amsarta ta koma "to" da "Allah ya sa". Ina da zaton abin da ya jawo haka, don haka bari in gaya miki komai yadda ya faru.

Sashenmu na kimiyyar sarrafa abinci ya shirya wa ɗalibai tafiyar ƙarshen mako, Asabar da Lahadi, zuwa masana'antun da ake dafa barasar masara, wadda suke kira burbon. Ita ce abin alfaharin wannan jihar. Malaminmu ya ce ba dole ba ne, amma darasin tsimi da tacewa da muke yi a aji, a can ne za a gan shi da ido. Na daɗe ina juya abin a raina. Daga ƙarshe na ce zan je in kalli injina, ba ruwana da abin da ke fita daga cikinsu.

Da muka sauka daga bas a wuri na farko, warin da ya tare ni ya sa na yi dariya ni kaɗai. Wallahi warin gasarar Inna ne, ranar da ta kwana biyu ba a dama ba. Ga manyan randunan katako, kowace ta kai ɗakin Inna faɗi, cike da kunun masara yana ta ɓararraka shi kaɗai ba wuta a ƙarƙashinsa. Ga wata tukunyar tagulla mai dogon wuya da ta huda rufin ginin ta wuce sama. Daga nan sai rumbuna, dogaye baƙaƙe, an jera gangunan katako tun daga ƙasa har inda ido ba ya kaiwa. Wai sai sun babbake cikin gangar da wuta kafin su zuba, sannan su rufe su manta da ita shekaru. Dattijuwar da ke zagayawa da mu ta ce kakanta ma a nan ya yi aiki, tana faɗa tana shafa jikin gangar kamar kan jikanta.

A ƙarshen kowane zagaye akwai ɗakin ɗanɗano. Ni da wani ɗan Malesiya da wata Ba'amurkiya mai ciki aka zuba mana lemon citta, a irin ƙaramin kofin gilashin da aka ba kowa. Allah shi ne shaidata, ko ɗigo bai taɓa harshena ba. To a nan ne wani abokin karatuna ya ɗauke mu hoto, ya sa a Fesbuk da sunana. Ban gani ba sai bayan kwanaki. Na sa ya cire, amma jikina ya ba ni ya riga ya iso Gusau.

Don Allah ki gaya mini gaskiya, kada ki rage komai. Ki gai da Inna, ki gai da Baba ko da ba zai amsa ba.

Ƙanenki,
Anwar

Tudun Wada, Gusau
8 ga Nuwamba

Anwar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna ƙafa da sauƙi, Nana tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran 'yar tsanarta.

Ka ce kada in rage komai, to ba zan rage ba. Hoto ya iso. Ni ma na gan shi. Ga ka nan tsaye gaban ganguna, baki har kunne, ƙaramin kofi a hannu, abin cikinsa ja-ja. Lemon citta ba ya rubuta sunansa a jikin kofi, Anwar. Duk karatunka wannan bai zo maka a rai ba?

Kuma ka san inda aka nuna wa Baba? A majalisarsu ta bayan La'asar, a ƙofar gidan Alhaji Shehu, mahaifin Rufaidar taka, yana zaune a wurin. Baban Nana ya ce wanda ya miƙa wayar har da cewa, "Alhaji, wannan kamar ɗan wajenka." Baba ya karɓa, ya sa tabarau, ya duba, ya mayar masa, ya ce, "Awo, shi ne." Ya sa takalmansa ya taho gida. Tun ranar bai koma ba. Shekaranjiya kuma Alhaji Shehu ya aiko ƙanensa, wai maganar lefe a ɗan dakata tukuna sai an ga yadda hali ya yi. Rufaida ba fushi take da kai ba, an ce mata ta rage waya ne. Na gan ta a wurin suna, idonta ya faɗa.

Na karanta wa Baba wasiƙarka daga farko har ƙarshe, yana zaune a zaure da rediyonsa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ni ban ce ya sha ba. Ɗana na san shi. Amma mi ya kai shi wurin? Na tura shi ya koyo abin da za shi amfani mutanenmu, ba yawon buɗe ido gidan giya ba." Ya ƙara muryar rediyo, na gane an sallame ni.

Abin da ya fi damuna ba fushinsa ba ne, zamansa ne. Ka san tun da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona, ga kuma halin da hanyoyi suka shiga, ƙauyukan da ya yi rayuwarsa yana zagayawa ya daina zuwa. Majalisar nan kaɗai ta rage masa. Yanzu daga masallaci sai zaure. Tuwon da Inna take kai masa, rabi yake dawowa.

Ni na yarda da kai, ba sai ka rantse mini ba. Amma tambayar Baba ni ma ita ce tawa. Me ya kai ka? Kuma da ka je, me ka dawo da shi ban da wannan abin kunyar? Ka zauna ka yi tunani kafin ka ba ni amsa, kada ka rubuto mini turancin makaranta.

Ka riƙa sa rigar sanyi. Allah ya tsare.

Yayarka,
Muzdalifa

Kentaki
11 ga Nuwamba

Yaya Muzdalifa,

Assalamu alaikum. Na gode da ba ki ɓoye mini ba. Na karanta wasiƙarki na kasa shiga aji ranar. Maganar tuwon Baba ta fi komai tsaya mini a rai.

Kin tambaye ni abin da na dawo da shi. Wuri na uku da muka je ranar Lahadi ƙarami ne, na mutanen gida ɗaya, a bayan wata gonar masara. Ina tsaye a gefe ina kallon baƙi, wasu daga wata ƙasa suka taso, suna kallon wani mutum yana juya kunu da doguwar muciya. Sai kawai na ga Kawu Sabiru na Rawayya a raina. Kin tuna hutun da Inna take kai mu wurin yayan nata lokacin yankan rake? Injin matsa yana ƙara, ruwan rake yana zuba, Kawu tsaye kan kasko yana kwashe kumfa, mu kuma muna jiran a juye mazarƙwaila a kwanoni mu kankare abin da ya maƙale a gefe. Ƙamshin wurin nan tun daga bakin gari ake jin sa. Na ce a raina, waɗannan mutane abin da suke yi haramun ne a wurinmu, amma dubi yadda suka riƙe sana'ar kakanninsu, suka gyara ta, suka tsabtace ta, har duniya take zuwa kallo. Mu namu halal ne, ga daɗi, amma ko mu 'ya'yan gidan rabonmu da leƙawa mun manta.

Kafin ƙarshen wata dole in zaɓi abin da zan yi binciken digirina a kai. Malamina ya ba ni wani aiki da ɗaya daga cikin masana'antun nan za ta ɗauki nauyi. Na ce masa a'a, addinina bai ba ni ba. Na ce ina so in yi a kan mazarƙwaila. Ya ce to, ya fara jero mini tambayoyi. Daga matsa zuwa dafawa tsawon wane lokaci ruwan yake jira? Da me ake yin kaskon? Me ya fi ɓata musu aiki? Yaya, ko ɗaya ban iya amsawa ba. Na ci mazarƙwaila ta fi a ƙirga, amma ban taɓa tambaya ba.

Ga roƙona. In hanya da lafiya, ke da Baban Nana ku ɗauki Asabar da Lahadi ku zagaya mini wuraren da ake yi, wajen Tsafe da Bilbis, sannan Bungudu da Rawayya. Ki duba, ki yi tambaya, ki ɗauko mini hotuna. Ba don in wanke kaina a wurin Baba ba ne, ba sai ma kin gaya masa ba. In kuma aka ce hanya ba kyau, don Allah kada ku motsa, babu digirin da ya kai ranku.

Ki gaya wa Rufaida ina nan yadda ta san ni.

Naki,
Anwar

Gusau
Asabar, 18 ga Nuwamba

Autan Inna,

Assalamu alaikum. Mun je mun dawo lafiya, ƙafafuna ciwo suke, mayafina warin hayaƙi yake, amma ba zan iya bari sai gobe ba.

Ka ce ba sai na gaya wa Baba ba. To ai ba yadda za a yi, don mu ba mu san kowa ba. Ranar Alhamis Baban Nana ya durƙusa ya tambaye shi wa za mu nema a Tsafe. Ya ce, "Ban sani ba, na manta." Yau da safe mun biya gida mu ajiye Nana, muna fitowa sai ga Baba zaune a gidan gaba na mota, da malafarsa da dogon takalmin danƙon nan na zamanin ma'aikata. Ban san ma takalmin yana nan ba. Ya ce, "Ku da ba ku san kowa ba, wa za shi buɗe muku baki? Kai ku kawai za ni yi. Ba don yaron nan ba." Na ce, "To, Baba." Ashe tun jiya ya kira wani tsohon abokin aikinsa a Tsafe ya tambayi lafiyar hanya. Abokin ne ya ce mu jira rana ta ɗaga mu bi ayarin motocin haya, kuma La'asar ta yi mana a gida.

Muka kama hanya har muka wuce dutsen Kwatarkwashi. Daga nan Baba ya fara nuna gonaki da baki, wannan ta wane ce, can akwai rijiyar da suka haƙa, nan da auduga ake yi.

A Tsafe wurin Malam Mas'udu muka je, bayan gari. Murhu biyar gare shi, biyu ne ke ci. Ya ce rake na can cikin fadama, amma ba kowa ke yarda ya shiga yanka ba yanzu, sai na kusa da titi. Na yi tambayoyinka, na ɗauki hotuna, za ka gan su. Kaskonsa na baƙin ƙarfe ne, faɗinsa ya fi tabarma, da busasshen raken da aka matse suke hura wuta. Amma abin kallo Baba ne. Aka kawo mazarƙwaila mai ɗumi, ya ɓantara, ya shinshina, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. Ya ce, "Mas'udu, wuta ta yi yawa a ƙarshe. Kuma wanga rake bai gama nuna ba kunka yanke." Malam Mas'udu ya tafa hannu ya ce, "Wallahi Alhaji tsoro ya sa munka yi sauri." Ni da na ɗanɗana zaƙi kawai na ji. Baba ya ce in sake, in bar ta ta narke da kanta. Sai kuwa na ji ɗan ɗacin ƙauri can ƙasa.

Bilbis ce ta taɓa ni. Mutumin da Baba ya kai mu wurinsa ashe ya rasu bara, ba wanda ya gaya masa. Rumfar ta zube, murahun duk ciyawa. Mun juya za mu tafi sai wata tsohuwa ta leƙo daga gidan da ke kusa, ta ƙura wa malafar ido, ta ce, "Kai, malamin gona! Yari, kai ne?" Matar marigayin ce, Inna Luba. Ta ja mu cikin gida, ashe ta ɗauko kasko ɗaya ta kafa a tsakar gida, ita da surukanta suke yi kaɗan-kaɗan. Mazarƙwailarta fara ce tas, da ruwan kuɓewa take tace dattin. Na tambaye ta wane irin rake take saye, ta ce, "Ɗan Yari mana, shi ya fi ruwa." Na ce wane ne ɗan Yari? Ta dube ni kamar wawuya, ta nuna Baba ta ce, "Irin da wanga ya kawo muna a bayan babur, tun ba a haife ki ba. Duk yankin nan haka aka san shi."

Anwar, Baba bai san haka ake kiran raken ba. Ya juya baya wai yana duba murhu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo. Inna Luba ta kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya cinye nasa ya ɗan taɓa na Baban Nana.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Kin tambaye ta tsawon lokacin da ruwan ke jira? Ba shi ne yaron ke son sani ba?" Na ce na tambaya. Ya ce to.

Gobe Bungudu da Rawayya in Allah ya kai mu.

Yayarka,
Muzdalifa

Gusau
Litinin, 20 ga Nuwamba

Anwar,

Assalamu alaikum. Jiya kai muryoyi kawai ka ji a waya, bari in ba ka abin da ba ka gani ba.

Bungudu ba mu daɗe ba. Wasu samari ne a bakin gulbi da sabon inji, aikinsu da sauri, ana juyewa 'yan sari na jira. Baba ya ɗanɗana ya ce ba laifi, amma bai nemi ƙari ba. Hankalinsa na Rawayya.

Tun daga bakin gari na san da matsala, don ba ƙamshi. Muka iske Kawu Sabiru zaune a gindin mangwaro, ya tsufa ƙwarai, murhu a kashe. Ya rungume Baba, ya tambayi ƙanwarsa, ya yi mini tsiyar na manta hanya. Ashe ranar Juma'a sun matse rake duro biyu, suna ɗora wuta kasko ya tsage. Mai walda ya ce yana zuwa, bai zo ba har muka iso. Kawu ya ce, "Ni na gaji, Alhaji. Yara duk sun tahi haƙar zinare. Na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe, injin da kaskon duka su zo su kwasa."

Baba ya ce a nuna masa ruwan. Duron na bayan rumfa, an rufe da buhu. Yana ɗaga buhun ya ja da baya har malafarsa ta faɗi, yana cewa, "A'uzu billahi!" Kumfa ce ta taso tana tsiyaya ta gefe, ga wani wari mai hawa kai. Kawu ya yi dariya ya ce, "Haka yake yi in bai samu wuta da wuri ba. Ko ba a kai haka ba, in ya wuni a rana sai ya soma tsami, mazarƙwailar ta ƙi daskarewa. Ba shekarar da ba na zubarwa. Jira nake a haƙa rami, don kada shanu su sha su yi ta tangaɗi."

Baba ya ɗauki malafarsa ya kakkaɓe. Ya tsaya yana kallon kumfar nan, ya daɗe. Can ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Wanga abin shi ne yaron ke karatu a kai?" Na ce shi ne, Baba, yadda yake farawa da yadda ake hana shi. Ya ce, "Kira shi."

Na san na tashe ka daga barcin bayan Asuba, ka yafe ni. Sai da na hau kan tudun tsohon murhu kafin in samu sabis. Na miƙa wa Baba wayar ya maida hannuwansa baya, shi ya sa ka ji komai ta bakina. Amma ka sani, duk tambayoyin nan nasa ne, yana tsaye dab da ni, kunnensa kusan a kan kafaɗata.

Da ka ce a riƙa wanke duro da tafasasshen ruwa kafin a zuba sabo, don ragowar na jiya ne ke lalata na yau, Kawu ya kama haɓa ya ce shi da ruwan gulbi yake ɗauraye su. Da ka ce a ajiye a inuwa a ɗiga ruwan kanwa tun a duro, ya ce su a kasko suke sawa, kuma in ta yi yawa baƙi take sa ta. Na ji ka ce wannan ba ka sani ba, a tambaye shi yawan da yake sawa. Anwar, da ka ga fuskar Kawu! Ya gyara tsayuwa ya fara bayani da hannu, kamar kana ganinsa. Baba kuwa ya gyaɗa kai, ya ce a hankali, "Ya iya tambaya."

Sai maganar duro biyun. Da ka ce kada a zubar, a ɗaure bakinsu da tsabtataccen ƙyalle iska ta riƙa shiga, bayan makonni duk abin mayen zai fita ya koma ruwan khal, wato ruwan tsamin nan na girki, masu awara da masu abinci su saya, Kawu ya dubi Baba, Baba ya dubi duro. Ya ce, "Wannan sai na tambayi malamai. Amma Sabiru, kada ka haƙa ramin tukuna." Abin da ka ji daga ƙarshe kafin layin ya yanke, "Ce mishi na ji," daga bakinsa ya fito, ba ni na ƙara ba.

Bayan Azahar mai walda ya iso a kan babur. Baba ya tuɓe babbar riga ya riƙe masa gefen kasko. Ba mu tsaya ganin dahuwa ba saboda lokaci, amma Kawu ya shiga ɗaki ya ɗauko mana mazarƙwailar makon jiya. Kai, Anwar. Ita ce dai, ba ta canza ba. Har da ɗan ƙamshin hayaƙin nan. Na ci a mota ina hawaye, Baban Nana yana mini dariya.

Saura guda. Mun shigo Gusau ana fitowa daga La'asar, sai Baba ya ce a bi ta ƙofar gidan Alhaji Shehu. Majalisa ta cika. Baba ya ɗauki ƙullin mazarƙwailar da muka taho da su, na Tsafe da na Bilbis da na Bungudu da na Rawayya, ya ce mu jira shi. Daga mota nake kallo, ba na jin abin da ake cewa. Na ga an tashi ana ba shi hannu. Na ga ya zauna ya jera ƙullin nan a kan tabarma, yana ɓantara yana miƙa wa tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, suna tauna suna gardama, kowa yana nuna wadda ta fi. Ya yi magana mai tsawo, har ya nuna tsawon wani abu da hannu, ina jin duron ne. Na ga Alhaji Shehu ya yi dariya sau ɗaya, sau ɗaya kuma ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Da Baba ya dawo na ce, "Baba, yaya?" Ya ce, "Sun ce ta Bilbis ta fi. Ba su san komai ba." Iyakar abin da na samu ke nan.

Shawarata, ka rubuto masa da kanka. Kada ka tsawaita, kada ka kare kanka.

Yayarka da ta gaji,
Muzdalifa

Kentaki
21 ga Nuwamba

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Yari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka cikin ladabi, tare da fatan ka huce gajiyar hanya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Baba, na jawo maka magana a cikin mutane, a wurin da ake ganin girmanka. Ban yi tunanin inda abin zai kai ba, kuma ya kamata in yi. Ina roƙon ka yafe mini.

Na nuna wa malamina hotunan da Yaya ta aiko da amsoshin da kuka samo. Ya amince in yi bincikena a kan mazarƙwaila, kuma in zo gida in yi aikin a wurin masu yin ta, lokacin yankan rake mai zuwa. Amma ban san rake ba, Baba, sai dai sha. In ka yarda, ina so ka koya mini.

Ina gai da Inna.

Ɗanka mai biyayya,
Anwar

Gusau
27 ga Nuwamba

Anwar,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta same ni lafiya. Na yafe maka, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Hoton dai bai yi mini daɗi ba, kuma ba zai yi ba. Nan gaba ka riƙa duba inda kake tsayawa.

Na tambayi Malam a kan ruwan raken. Ya ce tunda ba da niyyar giya aka matse shi ba, in ya juye ya zama khal ya halatta. Na aika wa Sabiru. Ya ce kumfa ta kwanta, warin ya fara komawa tsami. Masu sayen ƙarfe sun je, ya sallame su, ya ce injin yana da mai shi a Amurka.

Alhaji Shehu ya ce zai yi shawara da 'yan'uwansa. Ban matsa masa ba, kai ma kada ka matsa. Jiya dai ya aiko a tambaye ni girman akwatunan lefen da za a kawo, wai ɗakin uwar yarinyar ƙarami ne.

Akwai masu yi wajen Maru da Kaura da ba mu kai gare su ba. Yayarka ta ce mu je mako mai zuwa, na ce a'a, waɗannan sai ka zo. Ka taho da takalmin shiga fadama, nawa ba zai shige ka ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Yari